Darasi Kan Ƙarin Tantanin Ƙwaƙwalwa: Abin da Ke Biyo Bayan Tiyata

Ranar da aka sallamo majinyaci bayan an cire masa ƙari daga cikin kai rana ce ta murna, kuma ta cancanci murnar. Ciwon kan da ya hana barci ya lafa, hannun da ya saki ya soma motsi, dangi na ta zuwa barka. Sai dai akwai nau'in ƙari wanda tiyata kaɗai ba ta gamawa da shi. Yakan sake tsirowa a gurbin da aka cire shi, shiru, babu ciwo babu alama, har ya kai girman da cire shi karo na biyu zai fi na farko wuya.

Wannan darasi naku ne, ku da aka yi wa aikin, da ku masu jinya, da ma'aikatan lafiyar da ke karɓar majinyata idan sun koma garuruwansu a Najeriya ko a Nijar. Abubuwa uku ne suka fi nuna yadda za ta kasance bayan aiki: ajin ƙarin, da yawan abin da aka cire, da bibiyar da aka yi daga baya. Na farko halittar ƙarin ce, na biyu aikin likita ne. Na ukun yana hannunku.

Mene ne wannan ƙari?

Ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna naɗe cikin tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne, yana manne da ƙoƙon kai. Na tsakiya siriri ne kamar saƙar gizo. Na ciki kuwa yana lulluɓe da naman ƙwaƙwalwar kansa. Daga ƙwayoyin halittar hawa na tsakiya ne wannan ƙari ke tasowa, galibi kuma yana kafa gindinsa a jikin hawa na waje. Likitoci na kiransa meninjiyoma, sunan da wani likitan tiyata ɗan Amurka, Harvey Cushing, ya laƙaba masa a 1922.

Kun san wannan tantani ta wata fuska, domin shi ne sanƙarau ke kamawa a lokacin zafi. Amma cututtukan biyu ba su da dangantaka. Sanƙarau ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, yana kuma kwantar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Meninjiyoma ba a ɗaukarsa daga kowa, yana girma ne cikin watanni ko shekaru, allurar rigakafin sanƙarau kuma ba ta hana shi.

A cikin dukkan ƙarin da ke farawa a cikin kan manya, shi ne ya fi yawa, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Mata sun fi maza samunsa da kusan ninki biyu, yana kuma ƙara yawa yayin da shekaru ke ja. Yawancinsa ba ya shiga cikin ƙwaƙwalwa, danna ta yake yi daga waje, shi ya sa ake samun sauƙi mai yawa idan an ɗauke shi.

Aji uku, hali uku

Bayan aiki, ana aika naman da aka cire zuwa ɗakin gwaji. Ƙwararren likita zai yanka shi siri-siri, ya rina shi, ya duba shi da madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Daga abin da ya gani ne zai sa ƙarin a ɗaya daga aji uku na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Aji na 1 shi ne mai sanyin hali. Kimanin kashi 80 cikin 100 na masu meninjiyoma nan suke. Yana girma a hankali, idan kuma aka cire shi kakaf, da yawa sun rabu da shi ke nan.

Aji na 2 shi ne mai saurin tsiro, ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Ana gane shi idan likita ya ƙirga ƙwayoyin halitta 4 zuwa 19 suna cikin rabuwa biyu a filaye goma na madubi, ko ya tarar ƙarin ya kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa, ko ya ga wasu siffofi na musamman. Tun daga tsarin shekarar 2016, kutsawa cikin ƙwaƙwalwa kaɗai ta isa a sa ƙari a wannan aji.

Aji na 3 shi ne ciwon daji sosai. Bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. A nan ƙwayoyin da ke rabuwa sun kai 20 ko fiye a filaye goma, ko kuma naman ya sauya kama ƙwarai. A tsarin 2021 an ƙara da cewa wasu sauye-sauye biyu a cikin ƙwayoyin gado, waɗanda ake rubutawa TERT da CDKN2A/B, suna kai ƙari aji na 3 ko da bai nuna muni a madubi ba.

Aji na 2 da na 3 su ne wannan darasi ke kira masu tsanani. Ku lura da wannan da kyau: hoton kai ba ya tabbatar da aji, idon likitan tiyata ma ba ya tabbatarwa. Takardar ɗakin gwaji ce kaɗai ke faɗa. Takan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ta fito, sau da yawa bayan an riga an sallami majinyaci. Iyalai da dama sukan koma gida ba su waiwayi takardar ba, ganin cewa mai jiki ya miƙe. Wanda bai san ajin ƙarinsa ba, bai san ranar da ya kamata ya koma asibiti ba.

Me ya sa yake dawowa?

Manomin da ya yi fama da tofa ya san cewa sare ta a sama ba ya kashe ta, muddin saiwarta na cikin ƙasa. Haka meninjiyoma yake. Dunƙulen da ake gani a hoto shi ne ake ɗaukewa, amma ƙwayoyinsa na iya maƙalewa a tantanin da ya kafu a kai, ko a ƙashin da ke samansa, ko a bangon wata babbar jijiyar jini. Daga can sabon ƙari ke tasowa, shi ya sa galibi yakan dawo a gefen tsohon gurbi.

Wani likita ɗan Ostireliya, Donald Simpson, ya nuna haka a 1957, ya kuma kasa aikin cirewa zuwa mataki biyar da har yau ake amfani da su. A mataki na I an cire ƙarin da tantanin da ya kafu a kai da ƙashin da ya taɓa. A na II an cire ƙarin, an ƙone gindinsa. A na III an cire ƙarin amma ba a taɓa gindin ba. A na IV an bar wani sashe. A na V an rage matsi ne kawai, ko an ɗebi ɗan nama domin gwaji. A cikin majinyatan da ya bibiya, ƙari ya dawo wa kashi 9 cikin 100 a mataki na I, kashi 19 a na II, kashi 29 a na III, ya kuma fi haka ga waɗanda aka bar musu sashe.

Kada ku ɗauka barin wani sashe sakaci ne. Ƙarin da ke saman kai, ƙarƙashin ƙoƙo, ya fi sauƙin cirewa da gindinsa. Wanda ke ƙasan ƙwaƙwalwa kuwa yakan naɗe jijiyar gani ko jijiyar jinin da ke ciyar da rabin ƙwaƙwalwa, wanda ke tsakiyar kai kuma yakan shiga babbar magudanar jini. Likita na iya barin ɗan guntu da gangan domin ya tsirar da idon majinyaci ko ƙafarsa ko ransa. Abin da ya wajaba shi ne ku san an bari, domin a sa masa ido.

Ke nan lambobi biyu za ku gani a takardunku, kada ku haɗa su. Lambar da ke kusa da sunan Simpson tana nuna yawan abin da aka cire. Wadda ke kusa da haruffan WHO, ko OMS a takardun Faransanci, ita ce ajin ƙarin.

Abin da alƙaluma suka nuna

A binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban, ƙari ya dawo wa kashi 7 zuwa 25 cikin 100 na masu aji na 1, da kusan kashi 30 zuwa 50 na masu aji na 2, da kashi 50 zuwa fiye da 90 na masu aji na 3. Ko an cire ƙarin aji na 2 kakaf, yakan dawo wa kusan mutum ɗaya cikin uku a shekara biyar na farko. Na aji na 3 ya fi gaggawa, sau da yawa cikin shekara biyu ko uku. Akwai kuma wanda sai bayan shekara goma yake sake bayyana.

Ta fuskar tsawon rai, kimanin mutum takwas cikin goma masu aji na 2 suna raye shekara biyar bayan aiki, da yawansu suna harkokinsu. Ga masu aji na 3, adadin yana tsakanin uku zuwa shida cikin goma, gwargwadon binciken da aka duba. Wannan magana ce mai nauyi, amma ɓoye ta ba zai amfane ku ba.

Ku riƙe abu biyu game da waɗannan alƙaluma. Na farko, lissafin jama'a ne, ba hukunci a kan mutum ɗaya ba. Shekarun majinyaci, da ƙarfin jikinsa kafin aiki, da wurin da ƙarin yake, duk suna sauya lissafin. Na biyu, mafi yawansu an samo su ne a Turai da Amurka, daga majinyatan da ake yi wa hoto a kan kari, ake kuma yi musu gashi idan ya kama. Wanda ya daina zuwa asibiti ba zai sa ran irin sakamakonsu ba.

Gashin haske

Gashin haske, wanda likitoci ke kira radiyoterafi, shi ne harba wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani zuwa gurbin ƙari domin kashe ƙwayoyin da suka saura. Babu wuta a ciki, babu zafi. Majinyaci zai kwanta, a sa masa abin rufe fuska na roba da aka ƙera daidai kansa domin kada ya motsa, a gama cikin mintoci kaɗan. Ana yin haka kwana biyar a mako, har kusan mako shida, wato zama 30 ko kusa da haka. Wanda aka yi wa gashi ba ya cutar da na kusa da shi, yana iya ɗaukar jariri ya kuma ci abinci da iyalinsa.

Ga aji na 3, ana ba da shawarar gashi bayan aiki ko an cire ƙarin duka ko ba a cire ba. Haka ma ga aji na 2 idan an bar saura. Inda likitoci suka sha bamban shi ne aji na 2 da aka cire kakaf: wasu na yin gashi nan da nan, wasu na jira suna bibiya da hoto. A wani bincike na Amurka mai suna RTOG 0539, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018 da 2020, an yi gashi ga rukunin da ya haɗa masu aji na 2 da aka cire musu duka da masu aji na 1 da ya dawo. Bayan shekara uku, kusan kashi 94 cikin 100 ba su ga ƙarin ya motsa ba. A rukunin da ya fi haɗari, wanda ya ƙunshi masu aji na 3, adadin ya tsaya a kusan kashi 59. Idan likitanku ya zaɓi jira, to sharaɗin jiran shi ne hoto a kan lokaci. Jira babu hoto ba magani ba ne.

Gashi na da nasa wahalhalu: kasala, da zubewar suma a wurin da hasken ya bi, da jan fatar kai. Wasu sukan sami raunin tunawa bayan shekaru. Duk da haka, idan an fara a daure a kammala, domin tsallake zama yana rage amfaninsa.

Jadawalin hoto

Hoton da ya fi nuna wannan ƙari shi ne MRI, wanda a Nijar ake rubutawa IRM, tare da allurar da ke haska ƙari a cikin hoto. Ana so a yi na farko cikin awa 48 bayan aiki, ko bayan wata uku. Wannan hoto shi ne ma'auni, da shi za a gwada duk waɗanda za su biyo baya, don haka ku adana shi kamar takardar gona.

Ƙungiyar likitocin ƙarin ƙwaƙwalwa ta Turai ta ba da wannan tsari. Mai aji na 1 ya yi hoto sau ɗaya a shekara har shekara biyar, sannan duk bayan shekara biyu. Mai aji na 2 ya yi duk wata shida har shekara biyar, sannan sau ɗaya a shekara. Mai aji na 3 ya yi duk wata uku zuwa shida, babu yankewa. Likitanku na iya matso da ranakun ko ya nisanta su, maganarsa ita ce abin bi.

Wani zai ce: ina ci ina sha ina zuwa kasuwa, me zai kai ni kashe kuɗin hoto? Amsar ita ce ƙarin da ya dawo yana da fili a tsohon gurbi, yana iya girma watanni kafin ya danna wani abu. Idan hoto ya kama shi yana kamar ƙwayar gyaɗa, hanyoyin magani na da yawa. Idan aka jira sai ƙafa ta saki, hanyoyin sun ragu, abin da ya lalace kuma ba lallai ya gyaru ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Inda MRI ya gagara, hoton CT, wanda ake ce wa sikana, tare da allurar haskawa, ya fi zama babu hoto. Kafin allurar akan auna lafiyar ƙoda. Ku faɗa wa mai ɗaukar hoto idan akwai juna biyu, ko wani ƙarfe ko na'ura a jiki.

Alamomin da ba a jira da su

Kada ku jira ranar da aka rubuta muku idan ɗaya daga waɗannan ya bayyana:

- ciwon kai sabo da ke ƙaruwa kullum, musamman da asuba, ko tare da amai;
- jijjiga, ko fizgar hannu ko gefen baki, ko ɗaukewar hankali na ɗan lokaci;
- raunin hannu ko ƙafa, jan ƙafa, ko yawan faɗuwa;
- dusashewar gani, gani bibbiyu, ko raguwar ji a kunne ɗaya;
- sarƙewar harshe, ko neman kalma a rasa;
- sauyin hali: mai fara'a ya koma shiru, mai kunya ya daina jin kunya, mai lissafi ya riƙa ruɗewa;
- yawan barci da wuyar tashi;
- kumburi, ruwa ko mugunya a wurin ɗinki, ko zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya.

Sauyin hali ya fi buƙatar idon masu jinya, domin mai shi ba ya ganewa. Sau da yawa akan danganta shi da tsufa ko iskokai ko sammu, a shafe watanni ana nema a wani wuri. Ga wanda aka taɓa cire wa ƙari, a fara da hoton kai. Addu'a ba ta hana hoto.

Idan jijjiga ta kama mutum, ku kwantar da shi ta gefe, ku kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, ku sassauta masa wuyan riga. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko magani, kada a turara masa hayaƙi. Idan ta wuce minti biyar, ko ta maimaitu bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti.

Idan ya dawo

Dawowar ƙari ba ƙarshen magani ba ce. Ana iya sake tiyata, wasu ma an yi musu sau uku ko fiye. Dole a sake gwada naman da aka cire, domin ƙarin da ya fara a aji na 1 ko na 2 yana iya dawowa a aji na sama. Wanda ba a taɓa yi wa gashi ba, yanzu za a yi masa. Ƙaramin ƙari da bai wuce santimita 3 ba, akwai gashi na musamman da ake tattara hasken a wuri guda a zama ɗaya ko kaɗan, amma cibiyoyin da ke yinsa ba su da yawa. Magungunan daji na ƙarin ruwa da na haɗiya kuwa ba su nuna amfani mai yawa a kan meninjiyoma ba, ana komawa gare su ne idan tiyata da gashi sun ƙare. Ba kasafai wannan ƙari ke yaɗuwa wajen kai ba. Idan ya yaɗu, huhu ya fi zuwa.

Gaskiya ce cewa kowace dawowa takan fi ta baya wuyar sha'ani, tazarar da ke tsakaninsu kuma takan ragu. Akan kai lokacin da likita zai ce wani aikin zai fi cutarwa a kan amfani. A nan ma kulawa ba ta ƙare ba. Akwai maganin ciwo, da na jijjiga, da na rage kumburi, da koyar da masu jinya juya majinyaci domin kada gyambon kwanciya ya kama shi. Majinyaci na da haƙƙin a faɗa masa halin da yake ciki cikin tausasawa, domin ya tsara al'amuransa da kansa.

Magani a gida

Maganin jijjiga ba a tsayar da shi kwatsam, ko an shekara ba a yi ba. Tsayarwar na iya tayar da jijjiga mai tsanani. Ku sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba, ku kuma shawarci likita kafin azumi domin ya daidaita lokutan sha. Maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa mai suna dekizametazon yana kawo sauƙi da sauri, amma yana ɗaga sukarin jini, yana raunana cinyoyi, yana rage garkuwar jiki. Ana janye shi ne sannu a hankali bisa umarnin likita. Kada ku riƙa sayensa a kemis duk lokacin da kai ya yi ciwo, domin zai rufe alamar ƙari yana ci gaba da girma.

Mai jijjiga ya dakata da tuƙin mota ko babur, da hawa sama, da ɗiban ruwa a bakin rijiya, da wanka a kogi, da girki shi kaɗai, har likita ya ba da izini. Kada a yi tsaga ko ƙaho ko sakiya a kan da aka yi wa aiki.

Ga mata akwai ƙarin bayani. Yawancin meninjiyoma na amsa sinadarin jikin mace mai suna furojestaron, shi ya sa wani yakan ƙara girma lokacin juna biyu. Wani bincike da aka yi a Faransa, aka wallafa a 2024, ya gano cewa matan da suka shekara ɗaya ko fiye suna karɓar allurar tazarar haihuwa mai sinadarin medirokziforojestaron, irin ta wata uku-uku, sun fi sauran mata samun meninjiyoma da fiye da ninki biyar. Duk da haka abin ba shi da yawa, don haka wannan ba dalili ba ne da zai sa sauran mata su bar allurarsu. Amma wadda aka taɓa samu da wannan ƙari ta faɗa wa ma'aikaciyar lafiya domin a zaɓa mata wata hanya. Wasu magungunan jijjiga na rage ƙarfin ƙwayoyin tazara, wasu kuma, musamman balfurowet, na iya cutar da ɗan tayi. Mai son haihuwa bayan aiki ta fara tattaunawa da likitanta, ita da maigidanta.

Idan magani ya tsallaka iyaka

A yankinmu ba baƙon abu ba ne a yi wa mutumin Birnin Ƙonni aiki a Sakkwato, ko mutumin Maraɗi a Kano, ko ɗan Najeriya mazaunin Nijar a Yamai. Ana tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Sakkwato, Kano da Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, haka nan a manyan asibitocin Yamai da na Damagaram. Cibiyoyin gashi sun fi ƙaranci. A Najeriya akwai su a birane irin su Abuja, Legas, Ibadan, Zariya da Sakkwato. A Nijar, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta buɗe sashen gashi na farko a 2021. Kafin ku kama hanya, ku sa a kira a tabbatar da rana, ku kuma shirya masauki da guzurin mako shida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Likitan da zai karɓe ku a ɗaya ƙasar bai ga cikin kan majinyaci ba, takardu ne idonsa. Ku tanadi jaka guda mai ɗauke da:

- takardar ɗakin gwaji mai nuna aji;
- bayanin tiyata mai nuna abin da aka cire da abin da aka bari;
- hotunan kafin aiki da na bayansa, a faifai ko a fim, ba rahoton kaɗai ba;
- takardar gashi mai nuna yawan hasken da aka bayar da adadin zama;
- sunayen magunguna na asali da ma'auninsu, domin sunan kasuwa na bambanta tsakanin ƙasashen biyu.

Ku ɗauki hoton kowace takarda da waya, ku tura wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Ɗakin gwaji yakan adana sauran naman a cikin dunƙulen kaki. Kuna iya neman a ba da shi idan wani asibiti na son sake dubawa. Takardun Najeriya da Ingilishi suke, na Nijar da Faransanci, amma lambar aji ɗaya ce a ko'ina, ko an rubuta 2 ko II.

Kuɗin hoto sau biyu a shekara ya fi ƙarfin gida ɗaya a mafi yawan lokuta. Dangi sukan haɗa hannu ranar tiyata, sannan kowa ya watse. Ku sanar da su tun farko cewa hidimar ta shekaru ce, a ware wani abu bayan kowace kaka ko a shiga adashi dominta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi biyar kafin ku bar asibiti

1. Wane aji ne ƙarin, yaushe kuma za mu karɓi takardar gwaji?
2. An cire shi duka, ko an bar saura? Idan an bari, a ina?
3. Ana buƙatar gashi? A wace cibiya, kuma daga yaushe?
4. Wace rana ce ta hoto na gaba, wa zai duba shi?
5. Wace lamba za mu kira idan wata alama ta taso muna gida?

Matambayi ba ya ɓata. Ku sa a rubuta muku amsoshin a bayan katin asibiti. Idan kuwa an riga an sallame ku tuntuni ba ku karɓi takardar gwajin ba, ku tura wani ya karɓo ta a wannan makon, ku kai wa likita ya karanta muku lambar da ke jikinta.